Kan koyar da La Cucaracha da sarewa: a fara da tafi, a bar G ya ɗauki nauyi

Malam Edita,

Muna roƙon ɗan fili domin mu yi wa malaman da ke koya wa yara busa wani gyara, a kan waƙar nan ta ƙasar Meziko mai suna La Cucaracha. Waƙar kyankyaso ce, ta yi tashe lokacin juyin juya halin da ya ɓarke a ƙasar a 1910, inda kowane ɓangare ya riƙa yi mata baitocin zambo. Yau da wuya a buɗe littafin 'yan koyo a rasa ta. Sai dai sau da yawa akan ji an busa duk sautukan daidai, amma kiɗan ya fito a kwance, ba mai iya taka rawa da shi. Laifin yana wurin da aka ɗora nauyi.

Mu ɗauki rikoda, sarewar roba mai ramuka bakwai a gaba da ɗaya a baya. A ganinmu a busa waƙar a kan G (haruffa irin su G, F da C sunayen sautuka ne). Idan aka ɗauke ta a F, sai an fara da C na ƙasa, wanda ke buƙatar toshe ramuka takwas gaba ɗaya, kuma ƙaramin yatsan yaro bai cika kaiwa ba. Idan a C ne, ƙarshenta yakan haura sama sosai. A kan G, ga yadda take:

D D D G B, D D D G B, G G F# F# E E D. Sai D D D F# A, D D D F# A, D' E' D' C' B A G. Masu alama a kai na sama ne.

Waɗancan D guda uku share fage ne kawai. Bugu na farko yana sauka a kan G. Ɗan koyo kuwa yakan danna D na farko da ƙarfi don shi ne ya fara zuwa, daga nan komai ya goce. Maganin shi ne a ajiye sarewa tukuna. A raba gaɓa ɗaya, wato yanki ɗaya na kiɗan mai bugu huɗu, gida takwas: G ya ci uku, B ya ci biyu, D uku su ci sauran ukun. Yara su ƙidaya da baki, su tafa a kan ɗaya da huɗu. Ku lura B yana shigowa ne kafin ƙafa ta sauka, kuma wannan ɗan rigayen shi ne gishirin waƙar. Sai an ga sun iya tafin ba tuntuɓe sannan a miƙa musu sarewa. A fara da bugu 60 a minti, a riƙa ƙara goma goma har a kai wajen 120.

Harshe ne ke raba D ukun, kamar mai cewa "du du du" a bayan haƙoran sama, iska tana ci gaba da fita. Mai raba su da maƙogwaro ko da yanke numfashi zai gaji, kuma ba zai taɓa yin sauri ba. Numfashi a ɗauke shi bayan B na biyu da bayan dogon D.

Wurare biyu ne yatsu ke sarƙewa. Na farko F#. A duba bayan sarewar, wasu kamfanoni kamar Yamaha sukan rubuta B ko G, alamar irin sarewar ce a nan, ba sauti ba. A mai B, ramin biyar ya fi na huɗu faɗi, ana toshe na baya da 1, 2, 3 (ƙidaya daga sama), a tsallake 4, a toshe 5 da 6. A mai G sai an ƙara da 7. Idan aji ya gauraya iri biyun kuma kowa ya bi tsari ɗaya, rabin ajin zai kauce, malami ya yi ta ɗora wa yara laifin da ba nasu ba. Na biyu shi ne hawa daga D' zuwa E'. D' rami na 2 kaɗai ake toshewa, na baya a buɗe. E' kuwa yana son 1 zuwa 5 a toshe, babban yatsa ya lanƙwasa ya bar 'yar siririyar ƙofa a ramin baya, kamar kaurin farce. Ƙofar ta yi faɗi, sai tsuwa. A ware waɗannan biyun a maimaita su a hankali kafin a haɗa da sauran.

Tsuwa a D na ƙasa kusan kullum abu biyu ne: iska ta yi yawa, ko wani rami yana yoyo, galibi na 3 ko na baya. A toshe da naman yatsa a shimfiɗe. Wanda ya toshe da kyau zai ga zanen ramin a yatsansa. Idan sautin ya dishe bayan 'yan mintuna, danshin numfashi ne ya taru a bakin. A ɗora yatsa a kan tagar sarewar, 'yar kafar da ke ƙasan bakin, a hura da ƙarfi sau ɗaya. Ɗumama kan a tafin hannu kafin a fara yana rage hakan.

Masu sarewar kwano mai ramuka shida ta D su ma G ɗin ce tasu. Sun huta da wahalar F#, ramuka huɗu na sama kawai. Tasu matsalar C' ce: a buɗe na farko, a toshe na 2 da na 3.

In ajin ya yi yawa, a raba shi biyu. Rukuni na biyu su riƙa buga G gajere a kan kowane bugu na gaɓa uku na farko, su koma D a ta huɗu, su dawo G a sautin ƙarshe. Wannan yakan hana masu waƙar gudu.

Wata 'yar sanarwa ga mai niyyar haɗawa da rerawa: sanannen baitin zamanin yaƙi ya ambaci tabar wiwi. Akwai na yara, mai cewa kyankyason ya rasa ƙafa ne, shi ya kamata a nema.

Mun gode.

Daga wasu malaman kiɗa