Dalilin da ya sa nake ƙirƙiro maganin da babu shi don ɗalibaina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in amsa ƙorafin wani uba, don na san ba shi kaɗai abin ke damu ba. Ya ce 'yarsa ta gaya masa na yi musu tambayar jarrabawa a kan sinadarin da babu shi a duniya. Gaskiya ta faɗa, ni na zana shi da hannuna.

Yaranmu sun iya hadda, Allah ya hore musu. Ka ambaci maganin da ke cikin littafi, sai su zayyano maka aikinsa da illarsa ba tangarɗa. Amma ka ce me ya sa, sai ajin ya yi tsit.

Ɗauki fisostigimin, wanda aka tace daga waken Kalaba a 1864, da ɗan'uwansa niyostigimin da aka haɗa a 1931. Aikinsu kusan ɗaya ne, amma na farkon yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, na biyun kuwa da ƙyar, saboda ƙwayar naitirojin da ke cikin surarsa na ɗauke da cajin lantarki na dindindin. Sai na zana sabon sinadari mai irin wannan naitirojin, na ce su faɗa mini: zai kai ƙwaƙwalwa? In an sha, hanji zai tsotse shi sosai? A nan hadda ba ta da amfani, dole ɗalibi ya dubi zanen ya yi tunani. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta amsa daidai, har ta nuna inda za a sauya don ya ratsa. Farin cikin ranar bai bar ni ba har yau.

Haka ma ake samo magunguna. James Black, masanin magunguna ɗan Birtaniya, da abokan aikinsa daga surar histamin (wani sinadari na jiki da ke sa ciki ya fitar da asid) suka fara, suna sauya ta ɓangare-ɓangare, har aka kai ga simetidin na gyambon ciki, wanda ya shiga kasuwa a 1976.

Roƙona ga abokan aikina malamai: ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa sinadarin ƙirƙira ne, kada sunansa ya yi kama da na maganin gaske, kuma kada zanen ya saɓa ƙa'ida, kamar a ba ƙwayar kabon hannu biyar alhali huɗu take da su. Shi kuma wannan bawan Allah, ina gayyatarsa ya zauna a ajina ranar Talata.

Naku,
Malamar ilimin harhaɗa magunguna, Kano