Amsa ga Malamin da ya ce rashin sabis uzurin rago ne

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyon da aka gayyace ka makon jiya ka ɗauko koken da na yi kan raunin sabis a ƙauyukanmu, ka jefo min tambaya a kunnen jama'a: in har sabis ne ya daƙile kasuwancina, me ya sa wasu mata ke sayar da kaya ta WhatsApp suna rufa wa kansu asiri? Ka ƙara da cewa mai son ciniki ba ya rasa hanya, saura duk uzurin rago ne. Tambayar tana da amsa, zan kuma ba ka. Amma kalmar ragwancin ce ta fi yi min ciwo, domin ba a kaina ni kaɗai ta sauka ba.

Huluna nake sayarwa, ɗinkin hannu, daga wani ƙauye a Jigawa. Matan da ke ɗinka min, wata sai ta yi makonni a kan hula guda, tsakanin girki da raino, har idonta ya dinga ruwa. Da kuɗin take sayen magani da takalman yara. Waɗannan su ka kira ragwaye, Malam, ba ka taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ga abin da ka kasa ganewa. Wanda ke Abuja ko Legas yana son Zanna ko Tangaran bai san ni ba, bai san gidanmu ba, kuma ya sha jin labarin 'yan damfara. Kafin ya saki kuɗinsa sai ya ce in kira shi ta bidiyo ya ga zaren da idonsa, ya ga ko launin zai hau da shaddarsa. Sai hoton ya daskare, murya ta yanke, in sake kira, ta sake yankewa. Saƙon da ya turo da hantsi sai bayan la'asar zai shigo min, a lokacin ya riga ya saya wurin mai shago a Kano. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne ya tura kuɗi alat bai zo ba, ya aiko da rasit in kasa buɗewa, ni ba zan ba direba kaya ba tare da na tabbatar ba, shi kuma yana can yana ganin shiru. Me kake so ya zata? Ba zai ce sabis ne ba. Zai ce an cuce shi, ya faɗa wa abokansa. Abin da raunin sabis ke cinye mana ke nan: amana. Kasuwar intanet kuwa ba ta da jarin da ya wuce ta, don mai saye ba ya taɓa kaya, ba ya ganin fuskar mai sayarwa, saurin amsarta kawai yake aunawa.

Matan da ka ba da misali da su, Allah ya ƙara musu buɗi. Amma ka tambaye su inda suke zaune. Waɗanda na sani, ko dai a birni suke, ko suna sayar wa dangi da ƙawayen da suka riga suka san su, ko kuma suna da wani a birni da ke ɗora musu hoto yana cire rabonsa. Ta ƙarshen nan ba ita ke kasuwanci a intanet ba, ana dai yi da kayanta.

Ka ce wasu ba su iya ɗaukar hoto ba, ba su iya magana da kwastoma ba. Haka ne, ana kuma koya cikin 'yan kwanaki. Akwai matsalar hanya da ta wutar caji, ban musa ba.

Amma in sabis ba matsala ba ne, me ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba? Me ya sa a 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin shekara biyar da burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa zuwa 2025, har ta yanka wa karkara saurin intanet na megabit 10 a daƙiƙa? Wa'adin ya zo ana maganar kusan rabin 'yan ƙasa kawai aka kai wa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙarfen sabis yana shan dizal, yana buƙatar mai gadi, wayar ƙarƙashin ƙasa manyan tituna take bi, kamfani kuma inda jama'a suka taru yake zuwa. Gwamnati ta amsa akwai giɓi, kamfanoni sun san da shi, kai kaɗai ne ka ce a zukatanmu yake.

Ka tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masu POS da masu karɓar oda ta waya sun zauna makonni ba ciniki. Ragwanci ne ya same su rana ɗaya? Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da aka ce kowa ya koma tiransfa, mutanen birni ma suka yi kuka da sabis, balle mu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Farashin da mai zama a Maitama ke biya shi muke biya, sai dai namu datan wa'adinsa ke ƙarewa ba mu ci rabinsa ba. Kada kuma ka ce min Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo tun 2023. Kuɗin na'urarsa kaɗai ya fi jarin yawancin matan da nake aiki da su.

Zan faɗi wani abu, ka yi haƙuri in ya yi ɗaci. Sana'arka koyar da kasuwancin intanet ce, ana biyanka a kai. Duk ranar da mutane suka yarda cewa laifin a kansu yake, ajinka zai cika. Ranar da suka gane ƙarfen sabis ne babu, ba abin da za ka sayar musu. Ban ce da gangan ka yi ba, amma ya kamata mai irin matsayinka ya binciki zuciyarsa kafin ya ɗora wa talaka laifi a rediyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai ka je tasha ka tambayi direbobin da ke ɗaukar min kaya ko an taɓa kawo ƙarata kan kuɗin wani.

Abin da nake nema gare ka biyu ne. A shiri na gaba ka janye kalmar nan, saboda matan nan suna sauraronka, wasu ma da ladar ɗinkinsu suka sayi rediyon. Sannan tambayar da ka yi min, ka juya ta ga 'yan majalisarmu da hukumar sadarwa, ka ce su faɗa wa jama'a ƙauyuka nawa asusun nan ya kai wa sabis a Jigawa, da kuma yaushe zai iso sauran.

Wassalam.
'Yar'uwarka mai sayar da huluna.