A riƙa saka zaren gilashi a jikin gadoji tun ranar gini

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin injiniyoyi da hukumomin ayyuka kan amfani da zaren gilashi, irin wanda ake kawo intanet da shi, wajen auna lanƙwasa da jijjigar gadoji da dogayen gine-gine.

Kaurin zaren kusan na silin gashi ne, kuma a cikin cibiyarsa ake zana ƙananan layuka masu tazara ɗaya, waɗanda ke maido da launi guda daga hasken da aka harba, sauran su wuce. Idan aka liƙa shi a jikin ƙarfe ko aka binne shi cikin kankare, da zarar ginin ya miƙe ko ya matse sai tazarar layukan ta canza, launin da ke dawowa ya gusa, na'urar da ke bakin zaren ta karanta. A sa zare ɗaya a saman gungumen gada, wani a ƙasansa: tirela na hawa, na sama ya matse, na ƙasa ya miƙe, bambancinsu ya nuna yawan lanƙwasawar. Da yake na'urar na iya karantawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, tana kama kaɗawar gadar, wadda saurinta kan ragu idan gadar ta fara rauni. Gilashi ba ya tsatsa, wayoyin lantarki ba sa rikita shi, sai dai zafin rana na gusar da launin, don haka akan ajiye wani zaren da ba ya ɗaukar nauyi domin a cire tasirin zafi daga lissafi.

Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1993 aka saka irin wannan zare a gadar Beddington Trail da ke Kalgari a Kanada. Duk da haka gadoji da yawa har yau ido kawai ake duba su da shi, alhali ɓarnar kan ɓoye a ciki, kamar yadda tsatsa ta ci wayoyin ƙarfen da kankare ya rufe a gadar Morandi ta Italiya, wadda ta rufta a 2018 ta hallaka mutum 43.

Shawarata ita ce a rubuta saka zaren a cikin kwangila tun farko, saboda sai an san yadda gada ke kaɗawa tana sabuwa kafin a gane ta canza. A kuma ware kuɗin injiniyoyin da za su riƙa duba bayanan, a ba su ikon rufe gada idan awon ya nuna haɗari.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarka