Dattijon ikilisiya ya kunyata ɗana, yanzu ya ƙi zuwa sujada

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, ina zaune a Sabon Tasha da yarana. Tun ranar Lahadin da ta wuce barci ya gagare ni, domin ɗana na fari, mai shekara 16, ya ce shi da ikilisiyarmu haihata-haihata.

Yaron nan ba ɗan iska ba ne, Mama. Ya yi ajin baftisma, an yi masa baftisma bara, yana cin jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu) kamar kowa. Shi ke kaɗa wa mawaƙa ganga. Ranar Asabar shi da sauran matasa ke share majami'a su jera benci, in janareto ya ƙi tashi shi ake aika a kira, ko yana tsakiyar cin tuwo. A nan babu mai cewa yaro ne. Marigayi babansa ya ɗauki bulo a kansa lokacin da ake ginin nan, tun ba mu koma Sabon Tasha ba, muna haya a Kakuri, kowace Asabar sai ya hau mota ya zo.

To a taron ikilisiya bayan sujada ya ɗaga hannu, aka ba shi dama. Bai gama magana ba wani dattijo ya daka masa tsawa, wai "Zauna! Ubanka ma bai taɓa yi mana magana a tsaye ba." Uban da ke kabari! Wasu har da dariya. Na ga yaron ya sunkuyar da kai, ya ajiye sandunan ganga a kan benci ya fita, ko waiwaye bai yi ba. Dama mutumin nan ba ya ƙaunarmu tun mijina na da rai, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.

Yanzu a zumuntar mata ana ta cewa ni na sangarta shi. Ni da nake tashinsu addu'ar asuba kullum? Na san 1 Bitrus 5:5 ta ce matasa su yi wa dattawa biyayya, kuma haka na koya masa, ba ya gaida babba a tsaye. Amma ai Bulus ya gaya wa Timoti kada ya bari kowa ya rena ƙuruciyarsa. Yosiya yana da shekara 8 ya zama sarki a Urushalima. Abin da yaron ya roƙa fa shi ne a riƙa ba matasa karatun Littafi Mai Tsarki a sujada ko sau ɗaya a wata, ya kuma tambayi inda kuɗin da suka tara na sayen kayan kiɗa ya kwana. Shi ke nan.

Fasto ya aiko wai in kawo shi ya durƙusa ya ba dattijon haƙuri don a zauna lafiya. Yaron kuwa ya kulle kansa a ɗaki da waya, abokansa na jansa zuwa wata coci a Barnawa da ban san koyarwarta ba. Ƙannensa ma sun fara cewa ba za su makarantar Lahadi ba.

In tilasta masa ya je? In na tilasta masa ina tsoron in rasa shi gaba ɗaya. Ga shi kuma jibin Ubangiji na tafe, dattijon nan yana cikin masu rarrabawa. Mama, yaya zan miƙa hannu in karɓi ƙoƙo daga wurinsa da wannan zafin a zuciyata?

'Yarki cikin Ubangiji,
daga Sabon Tasha, Kaduna