Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Gwada Kankaren Tsofaffin Benaye

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Gwamna.

Da yake ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka kafin wannan kujera, ba sai na yi maka dogon bayani kan kankare ba. Roƙona ɗaya ne: kada KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta sake ba kowa izinin ɗora sabon hawa a kan tsohon bene, ko komawa ginin da ya ci wuta, sai an gwada ƙarfin kankaren da ke tsaye.

Ka san yadda ake yi a kasuwanninmu. Mai shago ya ga kuɗin haya ya tashi, sai ya kira magini. Magini ya zagaya filla, ya ƙwanƙwasa ta da guduma, ya ce, "Alhaji, wannan ko hawa biyu za ta ɗauka." Shi ke nan, gobe an kawo rodi. Babu wanda ya san kwanon sarki nawa na yashi da tsakuwa aka zuba wa buhun siminti ɗaya ranar da aka yi dekin, ko an ba shi ruwa yadda ya kamata. Takardar gwajin ƙarfin da ake yi wa kankare kwana 28 bayan zuba shi kuwa, in ma an yi, ta daɗe da ɓata.

Bayan gobara abin ya fi muni. Kankaren da zafi ya haura digiri 300 yana rasa ƙarfi, wani lokaci har launinsa ya koma jaja-jaja. Amma mu sai a shafa filasta, a buga fenti, a kira haya. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya kamata a ce wannan gwaji ya zama doka.

Sai dai a yi hattara da gwajin ganin ido. Akwai gudumar Schmidt, wadda ake dannawa a jikin filla a karanta yadda ta yi tsalle ta dawo. Tana da sauri da araha, shi ya sa 'yan kwangila ke son ta. Amma fata kawai take taɓawa, fatar tsohon kankare kuwa iska takan ƙara mata tauri alhali ciki ruɓaɓɓe ne. Amfaninta ta nuna inda ake zargi. Hukunci na gaskiya sai an nemo inda rodi yake an kauce masa, an huda an zaro curin kankare mai faɗin milimita 100, an kai ɗakin gwaji inji ya matse shi har ya fashe. Lambar da ta fito ita za a gwama da nauyin da ake son ɗorawa, sannan a cike ramin.

Masana ba su ƙare mana ba. Ga sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, ga injiniyoyi masu rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa. Wanda ya sa hannu a sakamako, sunansa ya zauna a fayil, kuma mai gini ya biya kuɗin, ba gwamnati ba.

Mun ga benen da ya rufta a titin Beirut nan Kano a Agustan 2022. Mun ga ruftawar makarantar Saint Academy a Jos, Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Don haka a fara da makarantun kuɗi da Islamiyyun da ke cikin gidajen da asali don iyali guda aka gina su, sannan a shiga kasuwannin Kwari da Singa.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai aikin gini a Kano