Masu gyaran kwamfuta, a tambayi mai kaya kafin a yi fomatin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a wannan jarida in yi magana da abokan sana'ata masu gyaran kwamfuta, da kuma jama'ar da ke kawo mana gyara. Shagona yana Samaru a nan Zariya, kuma mafi yawan masu shigo mini ɗalibai ne da malamansu, wasu daga Jami'ar Ahmadu Bello, wasu daga reshenta na Kongo, wasu ma tun daga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli suke hawo keke su zo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a cikin ayyukan mutane da na ga sun salwanta a garin nan, kaɗan ne lalacewar faifan ajiya, wato had-disk, ta cinye da kanta. Sauran duk hannun da ya fara taɓa kwamfutar bayan ta tsaya ne ya ƙarasa su.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Ɗalibi ya shigo da laftof a hammata, ya ce tun jiya ta ƙi hawa. Mai gyara ya danna maɓalli, ya ga baƙin allo, ya ce, "Windows ne ya faɗi, za mu sa maka sabo, ka dawo bayan la'asar." Shi bai tambayi abin da ke ciki ba, shi kuma yaron bai san ya kamata ya faɗa ba. Bayan la'asar laftof tana haske tas, har an ƙara masa da finafinai da waƙoƙi kyauta don a faranta wa kwastoma rai. Sai ya koma ɗaki ya nemi foldar furojek ɗinsa, nan ne salati ke tashi.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su riƙe ba shi ne, idan an goge fayil, ko an yi wa faifai fomatin (wato share shi gaba ɗaya) na gaggawa, fayil ɗin bai tafi ko'ina ba. Kamar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya daga littafinsa ya ce ɗaki a sake yake, alhali kayan mutumin suna nan a ciki har ranar da sabon ɗan haya zai zo ya jibge nasa a kai. Sabon Windows shi kaɗai yana cin abin da ya kai gigabait 20 ko fiye, ga Office, ga waɗancan finafinan na kyauta, kowanne yana sauka ne a kan gurbin da aikin wani yake kwance. Abin da aka rubuta wani abu a kansa kuwa, babu manhajar da za ta dawo da shi, komai tsadarta. Idan kuma fomatin ɗin cikakke aka yi, to tun daga Windows Vista da ya fito a 2007, cikakken fomatin yana bin faifan ne yana cike shi da sifiri daga farko har ƙarshe. Wannan sai dai haƙuri.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai digiri na biyu ta zo mini da irin wannan. A cikin laftof ɗinta akwai babi huɗu na kundinta, da muryoyin matan da ta yi hira da su a ƙauyukan wajen Giwa. An riga an sa mata sabon Windows a wani shago, ta kuma yi amfani da kwamfutar kafin ta gane. Na cire faifan, na kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani, na saki manhajar PhotoRec a kan kwafin. Ita wannan manhaja ba ruwanta da suna ko folda. Tana bin faifai ne tana shinshinar farkon kowane irin fayil, ta tsamo shi, ta raɗa masa sunan lamba, harafin f da jerin alƙaluma. Haka muka wayi gari da dubban fayiloli marasa suna. Ta zauna a kan bencin shagona da abin sauraro a kunne tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wani ta buɗe ta ji muryar tsohuwa tana magana, sai a tsakiyar jimla ya rikiɗe ya zama ƙara. Babi na biyu ya fito lafiya lau, na uku rabinsa alamomi ne marasa ma'ana, na huɗu ko ƙurarsa ba mu gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, da na duba lafiyar faifan, ƙalau yake. Fayilolin da ke tayar da Windows ne kawai suka rikice. Da wancan mai gyaran ya kwance noti huɗu, ya zaro faifan, ya jona shi da wata kwamfuta ta 'yar wayar nan ta USB da kowane shago ke da ita, da kafin ta gama shan ruwan leda ya kwashe mata komai.

Irin wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi yawa: kwamfuta ta mutu, faifai yana raye. Ba ya buƙatar gwaninta, tambaya kawai yake buƙata.

Akwai kuma wanda allon lantarkin da ke bayan faifan ne ya ƙone. Wannan mun saba ganinsa idan an dawo da wuta da ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle, ko kuma mutum ya ɗauki cajar laftof mai bolt 19 ya cusa wa babban faifan waje mai cin bolt 12 don bakinsu ya zo ɗaya. Za ka ji ƙaurin ƙuna, faifan kuma ko motsi ba ya yi. A nan ma ina ganin kuskure: a je a samo faifai iri ɗaya, a ciro allonsa a ɗaura, a yi tsammanin shi ke nan. A yawancin faifan zamanin nan akwai wani ɗan guntun abu mai ƙafa takwas a jikin allon da ke riƙe da bayanan da suka keɓanta da wannan faifan shi kaɗai tun daga masana'anta. Sai an ɗaga shi daga tsohon allo an liƙa a sabon. Wanda hannunsa ke rawa da abin narka dalma, ya miƙa wa wanda ya iya.

Inda nake so abokan aikina su tsaya su saurare ni da kyau shi ne faifan da bai mutu ba amma yana jinya. Alamarsa, kwamfuta ta yi nauyi, buɗe folda ya zama aiki, kwafin fayil ya kai rabi ya tsaya cak. A nan hannun kowa ke ƙaiƙayi ya saki CHKDSK, wato umarnin Windows na duba faifai, ko ya sauke Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, a kan faifan da kansa ya fara bincike. Duka biyun ɓarna ne. CHKDSK gyaran tsari yake yi, kuma yana rubutu a kan faifan yayin da yake gyaran. Abin da bai gane ba yakan yanke shi ya ajiye gutsattsari. Sauke manhaja a kan faifan da ake son ceto kuwa rubutu ne a kan abin da ake nema. Sannan duk awar da faifai mai ciwo ya yi yana juyawa, ciwon ƙaruwa yake yi. Abin yi shi ne a fara duba rahoton lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo, mai nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai gargaɗi, ja idan abu ya ɓaci. Daga nan a samo wani faifan lafiyayye wanda ya kai shi girma ko ya fi shi, a kwafe mai ciwon kacokan da manhajar ddrescue a kan Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Dabarar ddrescue ita ce ba ta tsayawa gardama da wurin da ya lalace. Takan tsallake ta fara kwashe masu kyau, tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, sai daga baya ta dawo ta lallaɓi wuraren da suka ƙi. Ko an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, daga inda ta tsaya za ta ci gaba, wanda a garinmu ba ƙaramar ni'ima ba ce. Duk wani bincike da gwaje-gwaje a kan kwafin ake yin su, asalin kuma a naɗe shi a ajiye. Waɗannan manhajoji da na lissafa duk kyauta ne. Abin da suke ci lokaci ne, wani aikin ya kwana yana tafiya, kuma na san shi ya sa ba a son su: kuɗin sa Windows a hannu yake kafin magariba.

Sai faifai mai ƙara. Idan ka kara kunne ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ko wani sauti na gurzawa, a kashe nan take, kada a sake kunnawa "a gani ko zai tashi". A cikin akwatin nan faranti ne mai sheƙi yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, sau 7,200 a manyan kwamfutocin tebur, kuma kan allurar da ke karanta shi yana shawagi a samansa ne da tazarar da gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Idan allurar ta lalace ta fara taɓa farantin, kowace kunnawa kankare bayanai take yi. Na sha karɓar faifan da aka riga aka buɗe, da shatin yatsa a kan farantin. A Zariya, cikin hunturu, da ƙurar da ke kwanciya a kan tebur kafin ka gama goge shi! Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi waccan tazara girma nesa ba kusa ba. Irin wannan aiki na masu ɗaki ne na musamman mai tace iska, da kayan canjin allura daga faifai irinsa. Ni ba ni da shi, kuma ina faɗa wa mai kaya haka ƙarara, in kuma gaya masa cewa kuɗin yakan fi na laftof ɗin kanta, ya auna ko abin da ke ciki ya kai. Maganar a sa faifai a firiza ya kwana kuwa, a bar ta; raɓa ce za ta taru a kan farantin idan an fito da shi.

Sababbin laftof masu SSD, wato sabon irin faifan ajiya, nasu hukuncin daban ne. Ba su da faranti, ba sa ƙara, ba sa jin faɗuwa sosai, amma idan aka goge abu, Windows yana sanar da faifan ta wani umarni mai suna TRIM, shi kuma ya share gurbin da kansa ba da jimawa ba. Wato abin da ake iya tsamowa daga tsohon faifai bayan fomatin, a SSD sau da yawa ya tafi ke nan. Ga kuma BitLocker, makullin Windows mai kulle bayanan faifai, da ke zuwa a kunne a wasu sababbin kwamfutoci ba tare da mai ita ya lura ba. Idan an cire faifan, sai da mabuɗi mai alƙaluma 48 zai buɗu, kuma galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Mai laftof tokumbo ya binciki wannan tun tana lafiya.

Wata magana a gefe, tunda ta shafi sana'ar: wanda aka ba faifai ya ceto, an ba shi sirrin gida ne. Hotunan iyali, takardun gado, saƙonni. A kwashe a miƙa, a goge kwafin da ya rage a gaban mai shi. Yaran shago su ma a ja musu kunne.

Ku kuma masu kawo gyara, musamman ɗalibai, kafin ku ajiye kwamfuta a kan teburin kowa ku buɗe baki ku ce, "Akwai aikina a ciki, kada a yi fomatin sai na gani da idona an kwashe." Kuma duk babin da kuka gama, ku tura wa kanku ta imel a daren, Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kundin digiri kuwa ko kusa da gigabait ɗaya ba ya kaiwa in ba da bidiyo ba. Filash ɗaya ba ajiya ba ce, balle irin na bakin titi da ke nuna girman da ba shi da shi. Ita waccan baiwar Allah, babinta na huɗu a hannun malamin da ke duba ta aka same shi, bugagge a takarda, duk jan biro, ta sake buga shi daga farko.

Roƙona ga shugabannin masu gyara na Samaru da PZ da Sabon Gari da Tudun Wada shi ne a mayar da abu ɗaya doka a kowane shago: a takardar karɓar kaya a ƙara layi guda, "Akwai bayanan da ake buƙata a ciki? E ko a'a," mai kaya ya sa hannu. Idan ya ce e, a cire faifai a kwafe kafin a taɓa komai, a caje shi kuɗin wannan aikin daban. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa bayani ya ƙi biya ba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Samaru, Zariya.