A riga jita-jita yin magana

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in koka kan yadda tsoro ya zama hajar da ta fi ciniki a intanet, manyanmu kuwa sun yi gum.

Ban manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola. Kafin asuba saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai don kariya daga cutar. Ni ma na tashi yarana na yi musu wankan, jikina na ɓari. Wasu sai da aka kwantar da su a asibiti saboda gishirin.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne jami'an lafiya da suka riƙa fitowa suna faɗin gaskiya, tare da aikin da ake yi. Sun bi sawun kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana majinyacin farko barin asibiti a Legas. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Yau Facebook da TikTok sun fi yaɗa abin da ke ɗaga hankali, domin shi ke riƙe mutum a kan waya. Ina roƙon gwamnoni, sarakuna da limamai su riƙa magana da wuri, da harshen da talaka ke ji, su faɗi masifa yadda take, sannan su nuna mafita. Ku ma 'yan jarida, ku ba mafitar shafin farko.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya